Hajiya Balaraba Ramat da maganar nan ta "ai ni ban yi boko ba"

A 1987 wani littafi ya fito a Kano mai suna Budurwar Zuciya. Matar da ta rubuta shi ba ta kai shekara talatin ba a lokacin, an yi mata aure an sake ta tun tana yarinya ƙarama, kuma firamare ma ba a bari ta gama a kan lokaci ba. Sunanta Balaraba Ramat Yakubu. Lamarinta nake so mu zauna mu duba da kyau, ba tarihinta zan kawo tun daga haihuwa har yau ba, abu ɗaya kawai nake bi, wato yadda mutum ke ɗaure kansa da wata magana da ya riga ya yarda da ita a ransa har ta hana shi ɗaukar biro, da kuma yadda wannan baiwar Allah ta yi da irin waɗannan maganganun.

Duk wanda ke cikin guruf-guruf ɗin marubuta a WhatsApp ko Facebook ya san su, kullum su ne dai ba sa canjawa. "Ina da labari a kaina amma ni fa iyakata sakandare." "Ban iya ƙa'idojin rubutu ba, kar a yi min dariya." "Wa zai karanta nawa ga su wance?" "In 'yan gidanmu suka ce da su nake fa?" Sai kuma ta samari masu ji da kansu, "rubutun Hausa ai ba ya kai mutum ko'ina, bari dai in ƙware a Turanci tukuna." To kowace ɗaya a cikin maganganun nan Hajiya Balaraba ta fi mai faɗinta hujjar faɗi, nesa ba kusa ba, shi ya sa nata lamarin ya fi na kowa dacewa a yi nazarinsa.

An haife ta a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, kuma zan dawo kan wannan don na san akwai masu jira su ce ai shi ya sa. An sa ta a makaranta, amma tana 'yar shekara 13 aka riga aka cire ta aka aurar da ita ga mutumin da ya girme mata sosai. Auren bai cika shekara biyu ba ya mutu, aka dawo da ita gida. Ku ɗan tsaya ku auna wannan, yarinya 'yar sha huɗu sha biyar, bazawara, a Kanon farkon shekarun 1970, ba takarda ba sana'a, sa'anninta waɗanda aka bari suka ci gaba suna sakandare ita tana tsakar gida ana kallonta a matsayin wadda ta kasa zaman aure.

Abun da ta yi, kamar yadda ita da bakinta ta ba da labari a hirarrakin da aka yi da ita, shi ne ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta je koyon ɗinki da saƙa. Ya yarda, don keken ɗinki da ƙwarashi ai ba abun faɗa ba ne a gidan Bahaushe. Abun da ba ta gaya masa ba shi ne a wurin ana koya wa manyan mata karatu da rubutu. Mahaifiyarta kaɗai ta sani, ta rufa mata asiri. Da zancen ya fito fili kuwa sai aka sake ɗaura mata wani auren.

Nan ne wurin farko da nake so mu yi zama. "Ban iya ba" iri biyu ce, kuma mu da yawa mukan cakuɗa su. Akwai wadda labari ce kawai na halin da ake ciki, ban iya karatu sosai ba, ban san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa ba, ban san yadda ake buɗe babi ba. Wannan gaskiya ce kuma tana da magani, maganinta aji da malami da lokaci. Akwai kuma ta biyu wadda hukunci ce mutum ya yanke wa kansa, wato irina ba sa rubutu, an gama da ni, lokacina ya wuce. Ita wannan ba ta da magani don ba ta ma yarda ana warkewa ba. Matsalar ita ce ta biyun takan saka rigar ta farko ta fito, sai ka ji mutum ya ce "ban iya ƙa'idojin rubutu ba" shekara biyar yana faɗa amma ko sau ɗaya bai nemi littafin ƙa'idojin ya buɗe ba, to wannan ba ƙa'idoji ne damuwarsa ba, ya riga ya yanke wa kansa hukunci ne yana neman abun fakewa. Hajiya Balaraba rashin karatunta na gaske ne ba na baki ba, kuma abun da ta yi da shi shi ne ta ɗauke shi a matsayin aiki da ke jiran a yi, ta nemo aji, har sai da ta yi dabara kafin ta samu shiga. Ba kirari ta tsaya yi wa kanta gaban madubi ba, benci ta je ta zauna.

Kuma fa ku tuna waye ake kira marubuci a lokacin. Tun gasar rubutu da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafan nan biyar da aka fara bugawa daga 1934, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, duk maza ne suka rubuta, maza 'yan boko, irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya zo ya zama firaminista. Hoton da ya zauna a kan mutane kenan, marubuci namiji ne, malami ne, ya yi kwaleji, hukuma ce ke buga masa. Sai a 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa aka buga. Sama da shekara arba'in kenan tsakani. Ba wai mata ba su taɓa rubutu a ƙasar nan ba, Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864 ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa kuma ta tura jajis ɗinta, wato matan da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata, amma ƙagaggen labari da boko wani fage ne daban kuma ƙofarsa ƙarama ce. Yarinyar da ta koyi karatu a ɓoye a ajin manya, in ta duba fagen nan ba za ta ga mai kama da ita ba ko ɗaya.

Sai maganar Turanci, wadda ita ce ta fi ci min rai wallahi. Hajiya Balaraba ta faɗa cewa cire ta da aka yi daga makaranta shi ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa ba da Turanci ba. Ga mutane da yawa nan zancen zai ƙare, tunda ba Turanci to ba rubutu, don an daɗe ana cusa mana cewa ilimi shi ne Turanci kuma wanda ya rubuta da harshen uwarsa ya rubuta ne don ya rasa yadda zai yi. Ita kuwa da Hausar da ke bakinta ta yi, Hausar tsakar gida da ta gidan biki da ta faɗan kishiyoyi da ta zaure in manya sun zauna sasanta aure. Kuma ku duba su wa take son su ji ta, matan da ke cikin irin halin da ta fito, waɗanda su ma iyakar karatunsu Hausa ne ko ma sai 'yarsu ko ƙanwarsu ta karanta musu da dare bayan an gama wanke-wanke. Da ta jira ta iya Turanci ta rubuta, waɗannan matan ba za su taɓa jin ta ba, sai dai wasu malamai a jami'a su karanta su jinjina kai. Abun da aka ɗauka naƙasu ne shi ya kai ta kunnen mutanenta kai tsaye, daga Kano har Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram.

Turancin kuma daga baya shi ya biyo ta. A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft da ke birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne, Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ne ya fassara, aka sa masa Sin Is a Puppy That Follows You Home. Shekara 22 bayan fitowar na Hausar kenan. Littafin da mace ta rubuta da Hausa kuma aka fassara shi sukutum zuwa Turanci, nata ne aka fara. Ba na kawo wannan don in ce sai da Turawa da Indiyawa suka karanta sannan ya zama littafi ba, ya zama littafi tun ranar da matan Kano suka fara karɓarsa hannu da hannu. Na kawo ne don samarin nan masu cewa Hausa ba ta kai mutum ko'ina.

Yanzu mu zo kan inda irin wannan magana take fitowa, don ba wanda aka haifa da "ni ban isa ba" a bakinsa, wani ne ya fara gaya masa. Malami a aji da ya ɗaga takardarka ya karanta wa 'yan aji suka fashe da dariya, ko yaya da ta tsinci littafin da kike rubutu a ciki ta karanta a tsakar gida da muryar tsokana, ko miji da ya ce ke da ko sunanki da kyar kike rubutawa. Sau ɗaya ko biyu aka faɗa, amma sai mutum ya karɓe ta ya ci gaba da faɗa wa kansa da muryarsa har ya manta asalinta daga bakin wani ta fito. A 1990 Hajiya Balaraba ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Labarin Abu ne, yarinya 'yar shekara 13 da aka cire daga makaranta, ɗan'uwanta da aka yi niyyar haɗa su ya ce shi ba zai auri jahila ba, aka ɗauke ta aka ba Sarkin Noma wanda ya haife ta ya yi jika da ita, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya san tarihin marubuciyar ya san ba daga nesa ta ɗauko zaren labarin ba. Abun da ya kamata a lura da shi shi ne gorin nan da ake yi wa irinta, wanda wata za ta ɓoye a ƙasan zuciya har ta mutu ba ta bari kowa ya ji ba, ita ta ɗauko shi ta ɗora a bangon littafi da manyan baƙaƙe ta kai kasuwa, ta mayar da shi bakin mai shi, ta sa mai karatu ya ga cewa wanda ya cire yarinya daga aji shi ne da abun kunya ba yarinyar ba. In mutum ya iya nuna da yatsa ya ce wannan maganar ta wane ce ba tawa ba, to rabin ƙarfinta ya tafi. Ni a ganina wannan shi ne babban abun da ke cikin lamarin gaba ɗaya, kuma rubutun ne da kansa ya yi aikin, ba wai sai da ta warke sannan ta rubuta ba.

Akwai wata maganar kuma da ba a cika faɗinta da ƙarfi ba amma tana kashe rubutu fiye da sauran, wato "ni me na gani a duniya da zan rubuta?" Wannan ce ke sa ka ga yarinya a Dala ko Tudun Wada ta buɗe labari da jirgi ya sauka daga Dubai da saurayi mai kamfani bakwai, gidan da ba ta taɓa shiga ba, rayuwar da ba ta sani ba, saboda ta yarda cewa abun da ke faruwa a gidansu bai kai a rubuta ba. Ku duba Alhaki Kwikwiyo Ne, shi ma 1990 ya fito. Rabi ce, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, 'ya'ya tara, yana ba ta ɗan kuɗin cefanen da shi kansa ya san ba zai isa ba, ita ke ƙoƙarin cike giɓin, shi kuwa kuɗinsa na waje. Ya je ya auro Delu, aka yi rikici, ya saki Rabi ya kore ta da yaran, ta koma sayar da abinci tana riƙe su, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci, gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi, sannan dangi suka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Ba aljani ba sarki ba jirgi. Kuɗin cefane ne da kuɗin makarantar yara da tukunyar abincin sayarwa a ƙofar gida. Kowace unguwa a Kano akwai Rabi, wataƙila a gidanku ma akwai, kuma wannan ne littafin da aka mayar fim a 1998 a hannun Abdulkareem Muhammad, shi ne kuma ya ƙetara teku. Ƙarshensa ma bai zo da daɗin da mai karatu ke so ba, mutane har yau suna musu a kan komawar Rabi, ni kaina abun yana min ciwo, amma haka ake yi a gidajenmu kuma marubuciyar ba ta yi mana ƙarya ba.

Batun wa zai buga min kuma. Lokacin da ta fara, ƙofar manyan kamfanonin ɗab'i kusan a rufe take. Tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu, a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta da suke da tabbacin za a saya. A ɗaya ɓangaren kuma masu karatu sun ƙaru sosai, ga 'yan UPE, shirin firamare kyauta ga kowa da aka fara a 1976, sun taso, ga hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 tana yaye mutane. Masu karatu ga su, abun karantawa babu. Sai matasa suka daina jira. Mutum zai rubuta labarinsa da biro a littafin eksasayis, ya kai wa mai tafireta ya buga, ya haɗa 'yan kuɗinsa ko ya ci bashi ko ta sayar da ɗan abun hannunta, a kai wa mai maɗaba'a a lungu, a yi bango mai kala ɗaya ko biyu, a raba labarin gida biyu ko uku yadda cinikin na ɗaya zai biya bugun na biyu, sannan a ɗauka a kai wa 'yan kasuwar littafi su saya ko su karɓa sai an sayar. Daga nan sai masu bayar da haya, littafi ɗaya ya zagaye gida goma har bangon ya cire a ɗinke shi da zare. Hajiya Balaraba tana cikin ƙungiyar marubutan nan ta Raina Kama, ita kaɗai mace a cikinsu a farko, tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, kuma shi Gidan Dabino ma ta ajin manya ya bi ya yi bokonsa. Sukan jera sunayen littattafan juna a cikin littattafansu, wanda ya sayi na ɗaya ya san da na sauran. Wannan zama cikin 'yan'uwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai shakkar kansa, don in kana kallon wanda kuka fito aji iri ɗaya ya riƙe littafinsa a hannu, maganar "irina ba sa yi" ta rasa wurin tsayawa.

An soke su kuwa, suka mai zafi. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan, wasu suna cewa kwaikwayon fina-finan Indiya ne, ba ƙa'ida ba edita, kuma suna ɓata tarbiyya. Gaskiya ɗaya ce, wani sashe na sukar yana kan hanya, littattafai da yawa na lokacin cike suke da kurakuran rubutu da na ɗab'i kuma wasu labaran ba su da nauyi. Amma da a ce kowa ya jira sai ya iya kafin ya fara da ba a samu ko ɗaya ba, mai kyau da mara kyau. Tuwon farko ba ya rasa gudaji, kuma ba wadda ta iya tuƙi da kallo. Yau waɗannan littattafan da aka raina su ake rubuta kundin digiri a kansu a Bayero da Zariya da Sakkwato har da jami'o'in Amurka da Ingila.

Sai tsoron bakin mutane, kuma a nan ba zan ce wa kowa tsoronsa na banza ne ba. Hajiya Balaraba ta taɓo auri-saki da auren dole da zaluncin da ake yi wa mata a cikin gida, daga baya a Wane Kare Ne Ba Bare Ba? ta taɓo fyaɗe, abubuwan da ake so a bar su a rufe, kuma ta sha suka har da barazana. A Kano an taɓa ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a 2007, a 2008 kuma hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Don haka mai cewa "me za a ce" ba mafarki take ba, za a ce ɗin. Abun da lamarin ya nuna kawai shi ne an ce, an kuma ce, ita kuma ta ci gaba da rubutu, ta shiga harkar fim, a 2017 ta fito da fim ɗin Juyin Sarauta, har akwai gasar rubutun wasan kwaikwayo na Hausa da aka sa wa sunanta. Kowa shi ya san gidansu da abun da zai iya ɗauka, wata za ta fara da sunan aro, wata za ta canja gari da sunaye a labarin yadda ba mai gane kansa, duk hanyoyi ne kuma ba laifi a cikinsu. Wanda nake jin takaicinsa shi ne labarin da ba a rubuta ba sam saboda wata gwaggo da wataƙila ko karantawa ba za ta yi ba.

To masu cewa ai ƙanwar shugaban ƙasa ce, tana da uwa a gindin murhu. Janar Murtala ya hau mulki a Yulin 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976, shekara 11 kafin littafinta na farko ya fito. Yana babban hafsan soja aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita, sunan gidan bai hana ba. Ba na musun cewa suna irin wannan yakan sa a waiwayo a dubi mutum, yakan sa. Amma suna ba ya zama ya rubuta shafi ɗari, kuma ba ya sa matar da ba ta san ki ba ta cire kuɗin cefanenta ta sayi littafi na biyu bayan ta karanta na ɗaya. Ita kanta wannan maganar ta "sai mai hanya" tana cikin jerin waɗanda muke ɗaure kanmu da su, kuma ta fi sauran daɗin faɗi saboda laifin ba ya dawowa kanmu.

Abun da ba na so a ɗauka daga wannan nazari shi ne wai komai a zuciya yake, in ka gyara tunaninka shikenan. Wannan zalunci ne ga mutane. Uban da ya hana karatu ba tunani ba ne, mutum ne mai iko. Tsadar takarda ba tunani ba ce. Matar da ke tashi tun asuba ta kwanta sha ɗaya na dare da goyo a baya da miji mai duba waya, rashin lokacinta na gaske ne, kuma duk mai gaya mata wai ba ta so ne bai san abun da yake faɗa ba. Kuma ga kowace Balaraba ɗaya akwai mata da yawa masu irin basirarta ko fiye waɗanda ba su samu uwar da za ta rufa musu asiri ba, ba mu san sunansu ba kuma ba za mu sani ba. Rawar da mahaifiyar nan ta taka a lamarin babba ce, ba don ita ba da wuya a je ajin ma. Don haka in kana da ƙanwa ko mata ko 'ya da ka ga tana ɓoye wani littafi tana rubutu, kai ma kana cikin lissafin nan, ko dai ka zama mai rufa asiri ko ka zama bakin da za ta riƙa ji shekara ashirin.

Yadda nake rarrabewa in wani ya kawo min kukansa shi ne in tambaye shi, abun nan da ka ce ya hana ka, in aka ɗauke shi gobe da safe za ka zauna ka rubuta? Wadda ta ce ba ta da waya mai kyau, in aka ba ta waya sai ta rubuta, to matsalarta waya ce, a taimaka mata. Wadda aka ba wayar sai ta ce ai sai ta koyi ƙa'ida, aka turo mata ƙa'idar ta ce ai yanzu marubuta sun yi yawa, aka ce ki dai rubuta ta ce ai shekaru sun ja, to wannan ba waya ba ce ba ƙa'ida ba ce, akwai wata magana a can ƙasa da wani ya taɓa gaya mata kuma sai an tono ta an san ta waye.

Mu yanzu abubuwa da yawa da suka tare su Hajiya Balaraba an ɗauke mana su. Ba sai ka nemi mai tafireta ba, ba sai ka ci bashin maɗaba'a ba, a waya ake rubutawa a tura Wattpad ko guruf, wasu ana karanta nasu a rediyo da YouTube. Sashen Hausa na BBC tun 2016 yake gasar Hikayata ta mata zalla, gajeren labari ne kalma 1000 zuwa 1500, wato abun da bai wuce shafi shida bakwai na littafin eksasayis ba, suna da sharuɗɗansu da ya kamata a karanta da kyau duk shekara amma labari suke dubawa ba digiri ba. Wadda kuma matsalarta da gaske karatun ne, hukumomin ilimin manya suna nan a jihohi suna ɗaukar ɗalibai, ta tambaya a unguwarsu ina aji mafi kusa. In an gama rubutun a nemi wanda ya san daidaitacciyar Hausa ya duba kafin a saki, mutum ɗaya mai gaskiya wanda zai nuna kuskure ba tare da ya wulaƙanta mai shi ba, kuma a biya shi in da hali don aiki ne.